Gani Odutokun: Malamin zane na Zariya da ya reni idon ɗalibai

A ranar 15 ga watan Fabrairun 1995 wata mota da ta ɗauko masu zane-zane daga Legas zuwa Zariya ta yi haɗari a kan hanya. Suna komawa gida ne bayan wani baje kolin ayyukansu da aka yi a Cibiyar Goethe, wato cibiyar yaɗa al'adun Jamus da ke Legas.

Masu zane huɗu ne suka riga mu gidan gaskiya a wannan haɗari. Daga cikinsu akwai Gani Odutokun, malami a sashen koyar da fasahar zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya rasu yana da shekaru 48 da haihuwa.

A wajen masu tara hotuna na Legas da London, an san marigayin ne a matsayin ɗaya daga cikin gwanayen masu zane da Najeriya ta fitar bayan samun mulkin kai. Amma a Samaru, inda ya shafe kusan shekaru 19 yana koyarwa, abin da aka fi tunawa da shi shi ne malanta. Ta hannunsa ɗalibai da dama suka bi, wasunsu kuma daga baya suka zama farfesoshi a wannan fanni.

Tarihinsa ya nuna cewa gwanintar zane ba ta tsaya ga baiwa kawai ba. Akwai ilmin da ake zama a koya, kuma tushensa abu biyu ne: sanin matakan haske da duhu, da kuma sanin yadda ake tsara abubuwa a cikin hoto.

Asalinsa

An haifi Gani Odutokun ranar 9 ga watan Agustan 1946 a garin Nsawam da ke kudancin ƙasar Ghana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, tana kuma ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila.

Iyayensa Yarabawa ne 'yan asalin Offa da ke jihar Kwara ta yanzu. Suna cikin dubban 'yan Najeriya, Yarabawa da Hausawa, da fatauci ya kai su waccan ƙasa a zamanin da koko da goro ke kawo kuɗi. Mahaifinsa cinikin koko yake yi, kuma Gani ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a yankin Asante.

Da kasuwar koko ta ja baya sai iyalin suka tattara suka komo Najeriya. Bayan kammala makarantar sakandare, Gani ya kama aikin akawu a kamfanin Nigerian Breweries.

A wancan zamani aikin akawu ba abin rainawa ba ne. Albashi ne tabbatacce a ƙarshen kowane wata, ga kuma mutunci a idon dangi. Sai dai abokansa da ke ganin irin zanen da yake yi a lokutan hutu sun matsa masa da ya nemi ƙarin ilmi a wannan fanni.

A shekarar 1972 ya sami gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello. Shekarunsa 26 a lokacin, wato ya girmi akasarin waɗanda suka shiga aji tare da shi. Ya kammala digirin farko a 1975, sashen kuma ya riƙe shi a matsayin ƙaramin malami. A 1979 ya sami digiri na biyu a nan Zariya.

Zariyar da ya tarar

Makarantar da Gani ya shiga tana da tarihinta tun kafin zuwansa. An fara koyar da zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya a reshenta na Ibadan, sa'an nan aka maido da sashen Zariya a 1955. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai ta gaji sashen.

A farko Turawan Ingila ne akasarin malaman, kuma abin da ake koyarwa a makarantun zane na ƙasarsu shi suka zo da shi. A 1958 wasu ɗalibai, da suka haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Manufarsu ita ce a ɗauki dabarun da Turawa suka kawo a haɗa su da fasahar gargajiya ta al'ummomin Najeriya, yadda hoto zai fito da kamannin ƙasar da aka zana shi.

Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba, domin ta watse a 1961 sa'ilin da jagororinta suka kammala karatu suka bazu a sassan ƙasar. Amma tambayar da ta tayar ta ci gaba da yawo a ɗakunan zane na Samaru, kuma Gani ya tarar da ita.

Kazalika ita kanta Zazzau ba baƙuwar fasaha ba ce. A cikin birni akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a ƙarni na 19, wanda masana gine-gine ke zuwa daga nesa domin ganin bakansa da ginshiƙansa. Ga kuma adon bango da magina ke yi a fuskar zauruka, ga ɗinkin aska takwas a kan manyan riguna, ga zayyanar da alarammomi ke yi wa Alƙur'ani rubutun hannu.

Duk waɗannan ayyuka suna da ƙa'idojin da mai koyo ke ɗauka a wurin maigidansa ta hanyar kallo da kwaikwayo. Abin da jami'a ta ƙara shi ne ba wa ƙa'idojin suna, da jera su darasi bayan darasi.

Darasin farko: haske da duhu

Zane da fenti ne fannonin da Gani ya koyar. Domin a gane nauyin wannan aiki, ya kamata a leƙa abin da ke faruwa a ajin farko na kowace makarantar koyon zane.

Sabon ɗalibi yakan zo ne da zumuɗin taɓa launuka, ja da kore da rawaya. Amma abin da ake fara miƙa masa shi ne fensir ko gawayi da farar takarda. Dalili kuwa shi ne, idon ɗan Adam yana gane surar abu ne ta bambancin haskensa da duhunsa, kafin ya kula da launinsa. Shi ya sa tsohon hoto na baƙi da fari ke nuna fuskar mutum sarai, har a gane ko yana murna ne ko yana cikin damuwa.

Wannan ilmi yana da tsohon asali. Tun a ƙarni na 11 malamin nan na Basra, Ibn al-Haitham, ya tabbatar a littafinsa Kitab al-Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Masu zane na ƙasar Italiya a ƙarni na 15 da na 16, irin su Leonardo da Vinci, sun gina gwanintarsu a kan nazarin yadda haske ke sauka a kan abu ya kuma janye sannu a hankali.

Aikin farko da akan ba ɗalibi shi ne ya shata ƙananan murabba'ai a jere, ya bar na farko fari fat, ya cika na ƙarshe baƙi ƙirin, sa'an nan ya cike na tsakani yadda kowane zai ɗara na gabansa duhu da taki ɗaya. A ma'aunin da Ba'amurken nan Albert Munsell ya tsara a farkon ƙarni na 20, baƙi shi ne 0, fari kuma 10. Aikin kamar wasan yara ne a ido, amma akasarin masu koyo sukan tarar cewa matakai uku ko huɗu kawai hannunsu ke iya fitarwa, sauran duk su cakuɗe.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar garin Kura da ke jihar Kano ya ga wannan darasi a aikace. Marini yakan tsoma farin ƙyalle a rijiyar baba ya fito da shi ya sha iska, ya zama shuɗi mai haske. Ya sake tsomawa ya ƙara duhu. Haka zai yi ta yi har ya kai ga shuɗin da ya kusa zama baƙi. Launin ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, nauyinsa ne ke canzawa. In kuma aka kai turkudin mabuga aka buge shi da shuni, sai ya ɗauki ƙyalli, ta yadda rawani guda zai nuna wuri mai walƙiya da wuri mai duhu gwargwadon yadda aka naɗa shi. Wannan ne ya sa Buzaye suka daɗe suna neman ɗan Kura har cikin Sahara.

Daga murabba'ai sai a wuce zuwa abu mai jiki. A ajiye ƙwai ko tulu ko farin mayafi a kan tebur kusa da taga. Nan ɗalibi zai koyi rarrabe wurin da haske ya fi bugawa, da inda ya fara raguwa, da cibiyar inuwa, da ɗan hasken da ke dawowa daga tebur ya taɓa ƙasan tulun, da kuma inuwar da tulun ya jefa a gefe. In ya rasa ɗaya daga ciki, tulun zai fito a shafe kamar faifai.

Akan kuma koya masa ya ɗan runtse ido yayin kallo. Yin haka yana ɓatar da ƙananan abubuwa, ya bar manyan ɓangarorin haske da duhu, waɗanda su ne ginshiƙin hoton.

Yanayin arewa ma malami ne a wannan fage. Da tsakar rana a watan Maris inuwa gajera ce, baƙa, mai kaifin baki. A lokacin hunturu kuwa, hazo yakan sa bishiyar da ke nesa ta yi fari-fari, ta kusa kuma ta yi duhu, wanda hakan ke nuna wa ido tazarar da ke tsakaninsu. Adon bangon Zazzau ma sai rana ta karkata yake fitowa sosai, domin inuwar da ke kwanciya a gefen kowane tudu ita ke bayyana shi.

Darasi na biyu: tsarin hoto

Bayan ɗalibi ya iya fitar da abu guda, sai matsala ta biyu ta taso. Ina za a ajiye shi a cikin takardar, me zai zauna kusa da shi, me kuma za a bari a waje?

Mai koyo yakan dasa abin da yake zanawa a tsakiyar takarda, ya cika kowane lungu da tarkace domin tsoron barin fili. Malami kuwa zai nuna masa cewa filin da aka bari yana aiki kamar yadda shiru ke aiki a tsakanin maganganu. Zai nuna masa cewa ido yana fara sauka ne a inda mafi haske ya haɗu da mafi duhu, saboda haka nan ya kamata a ajiye abin da ake son a fara gani. Zai kuma nuna masa cewa babban abu mai duhu a gefe guda yana bukatar abin da zai yi masa kishiya a ɗaya gefen, in ba haka ba hoton zai rinjaya kamar jakin da aka ɗora wa mangala ba daidai ba.

Akan sa ɗalibai su yanke taga a jikin kwali su riƙa leƙa duniya ta ciki, suna matsar da shi sama da ƙasa har su sami yankin da ya dace. Akan kuma sa su yi ƙananan zane-zane masu yawa, kowane bai wuce faɗin akwatin ashana ba, da matakai uku kacal, fari da toka-toka da baƙi, kafin su taɓa babbar takarda.

Matafiyin da ya bi hanyar Zariya zuwa Kano da rani, ya ratsa ta Kadawa da Kura, yana iya gwada wannan da idonsa. Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, filayen Kura da Bunkure da Garun Malam suka zama wurin noman rani. Ga fangalin shinkafa da ruwa ya kwanta a ciki yana ɗaukar hasken sama, ga gonar alkama, ga kunyoyin tumatir da albasa, ga magudanar ruwa ta miƙe ta raba su. Idan aka sa layin da sama ta haɗu da ƙasa can sama a takarda, hoton zai zama labarin gonaki. Idan aka sauko da shi ƙasa, zai zama labarin sararin sama. Magudanar kuwa ita za ta ja idon mai kallo daga bakin hoton zuwa cikinsa. Wurin bai canza ba, shawarar mai zane ce ta bambanta.

Mayar da waɗannan darussa su zama aji na musamman da kowane ɗalibi zai fara bi ya samo ƙarfinsa ne daga makarantar Bauhaus da aka buɗe a birnin Weimar na Jamus a 1919. A can Johannes Itten ya tsara kwas na share fage, inda bambancin haske da duhu ke cikin abubuwan da ake fara koyarwa, ko ɗalibi zai zama mai fenti ne, ko masaƙi, ko mai tsara gini. Daga baya tsarin ya bazu zuwa makarantun Ingila da Amurka da sauran ƙasashe.

Wannan batu yana da muhimmanci ga iyaye da dama a arewa, waɗanda ke ɗari-ɗari da karatun zane saboda abin da ya shafi surar mai rai. Ilmin haske da duhu da na tsari bai taƙaita ga zanen mutum ko dabba ba. Da shi ake tsara atamfa da bangon littafi da allon talla da fuskar gida. Mai ɗaukar fim a Kano da mai tsara shafin intanet duk da shi suke aiki.

Ba-zata da tsari

Abin da ya fito da sunan Gani a matsayin mai zane shi ne wata dabara da ake ganin kamar ta saɓa wa duk wannan horo. Yakan tsinka fentin mai har ya zama ruwa-ruwa, ya zuba a kan ƙyallen zane, ya bar shi ya gangara, launuka su shiga juna yadda suka ga dama. Daga nan sai ya tsaya ya duba abin da ya samu, ya ƙarfafa wani wuri, ya danne wani, har sura ta bayyana.

Tunanin da ke bayan wannan aiki shi ne wanda aka san shi da shi, wato dangantakar ba-zata da tsari. A ganinsa rayuwar ɗan Adam kanta haɗin waɗannan biyu ce: akwai abin da mutum ya shirya, akwai kuma abin da ke faɗo masa ba shiri, hikima kuwa ita ce sanin yadda za a yi da shi idan ya zo.

Manomin rani ya san wannan lissafi. Ruwa gangare yake bi, ba ya shawara da kowa. Amma wanda ya share magudana, ya san lokacin buɗe bakin fangali da lokacin toshe shi, shi ke cin amfanin ruwan. Wanda bai sani ba kuwa, ruwan nan ne zai cinye masa shuka.

Haka lamarin yake ga fentin da aka zuba. Kowa na iya zubawa, amma sai idon da ya sha horo ne zai gane cewa duhun da ya taru a wannan kusurwa ya yi nauyi, ko kuma hasken da ya ɓullo a can shi ne zuciyar hoton. 'Yancin da ake gani a ayyukan Gani ya tsaya ne a kan darussan ajin farko.

Bai taƙaita ga wannan salo ba. Ya yi zanen bango, ya tsara bangon littattafai, ya kuma yi aiki da fentin ruwa da gawayi.

Sarki da janar-janar ɗinsa

Shekarun da Gani ya fi yin tashe sun zo daidai da mulkin soja. Janar Ibrahim Babangida ya hau mulki a 1985, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya karya darajar naira, abin da ya sa kayan aikin da ake shigowa da su daga waje, har da fenti da buroshi da takardar zane, suka yi tsada ga malami da ɗalibi.

Jami'ar Ahmadu Bello ta kasance cibiyar masu sukar gwamnati a lokacin, ta kuma ɗanɗana kuɗarta. A watan Mayun 1986 'yan sanda suka buɗe wuta a harabarta, ɗalibai suka rasa rayukansu. A 1988 aka kori Dokta Patrick Wilmot, malami a sashen nazarin zamantakewa, daga ƙasar baki ɗaya.

A cikin wannan yanayi ne Gani ya yi jerin zane-zanen da ke nuna wani sarki da sarauniyarsa da 'yan fadarsa. Mafi shahara a ciki shi ne wanda sunansa ke nufin sarki yana raha da janar-janar ɗinsa. Bai ambaci sunan kowa ba, amma masu sharhi sun ɗauke shi a matsayin habaici ga mulkin Babangida, wanda ke nuna fara'a da sassauci a fili alhali iko na hannun masu bindiga.

Da gawayi ya yi da yawa daga cikin zane-zanen wannan jeri, wato kayan aikin da ake fara ba ɗan aji ɗaya. Babu ja, babu kore, sai baƙi da fari da abin da ke tsakaninsu. Da su kaɗai ya isar da saƙon da faɗinsa da baki ke iya jawo wa mutum kwana a tsare.

Wani aikin nasa da ya yi suna shi ne na 1991, inda ya haɗa Mona Lisa, hoton nan na Leonardo da ke birnin Paris, da wani sassaƙe irin na Afirka, ya sa su kamar suna zantawa. Masana tarihin fasaha sun daɗe suna bayanin yadda masu zanen Turai irin su Pablo Picasso suka ɗebi dabaru daga sassaƙen Afirka a farkon ƙarni na 20, aka kira hakan gwaninta, amma idan ɗan Afirka ya ɗauki dabarar Turai sai a ce kwaikwayo ne. Hoton Gani ya ajiye ɓangarorin biyu a matsayi ɗaya, kowane yana da abin bayarwa da abin karɓa. Wannan ita ce amsarsa ga tambayar da su Uche Okeke suka bari a Zariya.

Ƙungiyar Ido

Gani ya lura cewa masu zane a Najeriya suna aiki, amma rubutu a kan aikin nasu ya yi ƙaranci, abin da aka rubuta kuma akasari daga waje yake zuwa. Saboda haka shi da wasu abokan aikinsa a Zariya, da suka haɗa da Jerry Buhari da Jacob Jari da Tonie Okpe da Matt Ehizele, suka kafa ƙungiyar The Eye, wato Ido, a ƙarshen shekarun 1980. A farkon shekarun 1990 suka fara fitar da mujalla mai wannan suna, inda ake sharhi a kan baje koli da tattauna matsalolin koyar da zane.

Fitar da mujalla irin wannan daga Zariya a lokacin da takarda ke tsada, albashin malaman jami'a kuma ba ya kai wa ƙarshen wata, ba ƙaramin aiki ba ne. Ta ba masu zane na arewa dandalin da za su yi magana da takwarorinsu na Nsukka da Legas.

Tasirinsa ya fito fili a hannun waɗanda suka biyo bayansa. Jerry Buhari da Mu'azu Mohammed Sani na daga cikin waɗanda suka ci gaba da aiki da tsinkakken fenti, kowane ya kai shi inda tunaninsa ya nufa.

Bayan rasuwarsa

Ajali ya riske shi ne a daidai lokacin da duniya ta fara juyowa gare shi. Watanni kaɗan bayan haɗarin, a cikin shekarar ta 1995, aka buɗe wani babban baje koli a zauren Whitechapel da ke London mai taken labarai bakwai game da fasahar zamani a Afirka, a ƙarƙashin bikin africa95. Ayyukansa na cikin waɗanda aka nuna a ɓangaren Najeriya, wanda Chika Okeke ya tsara.

A shekarar 2000 kuma aka shirya wani baje kolin a zauren Brunei na makarantar SOAS ta Jami'ar London, domin nuna ayyukansa tare da na waɗanda ya yi wa tasiri. An sa masa taken ba-zata da tsari. Kalmar Ingilishin da ake amfani da ita wajen ba-zata a wannan take ita ce kuma ke nufin haɗari, abin da bai ɓoyu ga duk wanda ya san yadda mutumin ya rasu ba.

Sashen da ya yi wa hidima yana nan a Samaru, yana ɗaukar sababbin ɗalibai. Kayan aiki sun sauya, domin da yawa daga cikin matasa yanzu a kan kwamfuta da wayar hannu suke tsara hotuna, inda launi dubbai ke jiran a latsa. Amma na'ura ba ta gaya wa mutum inda zai sa duhu da inda zai bar fili.

Saboda haka har yanzu mai koyo yana bukatar ya zauna gaban tulu da gawayi a hannu, ya runtse ido ya duba daga ina haske ya fito. Nan Gani Odutokun ya fara a 1972 bayan ya ajiye alƙalamin akawu, wannan horo kuma shi ya shafe sauran rayuwarsa yana miƙa wa na baya.